Gurbi Shida na Baƙin Ƙarfe: Nazarin Lamarin Yarinyar da Ƙarin Jini Ya Tara wa Ƙarfe a Zuciya

Daga wata 7 zuwa shekara 3: yadda abin ya faro

Lafiya lau aka haife ta, ta kuma yi wata shida babu abin da ya dame ta. A wata na bakwai ta fara ɗashewa, ta rage shan nono, cikinta ya ɗan taso saboda saifa ta kumbura. Da aka auna jininta sai aka ga himogulobin, furotin ɗin jini mai ɗaukar iskar oksijin, ya faɗi ƙasa da giram 7 a kowace desilita. Gwajin da ya biyo baya ya nuna babbar talasimiya ce nau'in beta, cutar gado da likitan yara Thomas Cooley ya fara bayyanawa a birnin Ditiroyit na Amurka a 1925. Uwa da uba kowannensu na ɗauke da ƙwayar halittar guda ɗaya bai sani ba, ita kuwa ta gaji duka biyun. Cutar ta yi jinkirin fitowa ne domin jariri na zuwa duniya da irin himogulobin na cikin mahaifa, wanda ba ya bukatar sarƙar beta, ɓangaren himogulobin da wannan cuta ke hana jiki ƙerawa. Sai da wannan ya fara ƙarewa sannan giɓin ya fito fili.

Aka ɗora ta a kan ƙarin jini duk bayan mako uku zuwa huɗu, ana ƙoƙarin kada himogulobin ya sauka ƙasa da giram 9 zuwa 10.5 kafin ƙari na gaba. Ta farfaɗo, ta yi ƙiba, ta yi rarrafe da tafiya a kan kari.

Sai dai kowace leda ta jini na shigowa da kusan miligiram 200 na baƙin ƙarfe, wanda a asibiti ake kira ayan. Duk abin da ke jikin babban mutum mai lafiya bai wuce giram 3 zuwa 4 ba. Jiki kuma ba shi da wata ƙofa da yake buɗewa ya fitar da ƙarfen da ya yi masa yawa. Abin da ke fita a rana miligiram 1 zuwa 2 ne kacal, ta ƙwayoyin fata da na hanji da ke saɓulewa. Ga kuma ƙari a kan ƙari: a wannan cuta ɓargo na ta fafutukar ƙera jinin da ba ya ɗorewa, yana danne sinadarin hefsidin da hanta ke fitarwa don taka wa hanji birki, sai hanjin ya riƙa tsotso ƙarfe daga abinci fiye da ƙima.

Da ta cika shekara 3 an yi mata ƙarin jini fiye da sau 20, feritin na jininta, furotin ɗin da ake aunawa don gane yawan ƙarfen da jiki ya tara, ya haura maikirogiram 1,000 a lita. Wannan shi ne mizanin da ake fara maganin cire ƙarfe a kansa.

Kafin a zaɓi magani: halin ƙarfen kansa

Baƙin ƙarfe shi ne na 26 a jadawalin sinadarai, yana cikin rukunin ƙarafan tsakiyar jadawalin tare da jan ƙarfe, kobalt, nikel da manganis. Halaye biyu na wannan rukuni su ne suka juya dukkan lamarin yarinyar.

Na farko, ƙarfen na sauya caji cikin sauƙi. Yanzu yana Fe²⁺, ya ba da ilektiron ɗaya ya koma Fe³⁺, ya karɓo wani ya dawo. Da wannan hali ne ƙwayoyin jiki ke sarrafa abinci su samu ƙarfi. Da shi kuma ɓarna ke zuwa. Tun a 1894 Henry Fenton ya lura da abin da ke faruwa idan Fe²⁺ ya haɗu da haidirojin feroksaid, wanda ƙwayoyin jiki ke samarwa kaɗan-kaɗan a kullum. Daga baya aka gane cewa wani ɓarɓashin sinadari ne ke fitowa, ana rubuta shi •OH, mai afka wa duk abin da ya tarar: kitsen bangon ƙwayar halitta, furotin, har da DNA. Ƙarfen ba ya ƙarewa a wannan aiki. Wani sinadarin zai mayar da shi Fe²⁺ ya sake zagayowa.

Na biyu, ƙarfen ba ya zama shi kaɗai. Kullum akwai wasu ƙwayoyin sinadari da ke kewaye da shi, kowace ta miƙa masa ilektiron biyu ta riƙe shi. Su ne mariƙa. Alfred Werner ne ya warware wannan tsari a Zurik a 1893, ya karɓi lambar Nobel a kansa a 1913. Ga baƙin ƙarfe, guraben riƙo shida ne: huɗu a kewaye, ɗaya a sama, ɗaya a ƙasa. A cikin himogulobin, naitirojin huɗu na zoben him sun kama huɗun kewaye, furotin ya kama na biyar, aka bar na shida don iskar oksijin ta zauna ta tashi. Wato jiki na barin gurbi a buɗe ne a inda yake son aiki. Inda ba ya so, yakan rufe. Tiransfarin da ke jigilar ƙarfe a jini na ɗaukar Fe³⁺ biyu ya kulle gurabensu gaba ɗaya. Feritin kuwa rumbu ne, ƙwallon furotin ɗaya na iya haɗiye atom har kusan 4,500.

A mai lafiya, kusan kashi ɗaya cikin uku na tiransfarin ne ke ɗauke da kaya. A mai yawan karɓar jini yakan cika maƙil, sai ragowar ƙarfen ya riƙa yawo a jini da sako-sakon riƙo, gurabensa a buɗe. Wannan ne ke kutsawa hanta, zuciya, fankiriyas mai daidaita sukarin jini, da ƙullin fituwitari da ke ƙasan ƙwaƙwalwa mai sarrafa girma da balaga.

Aikin magani ke nan: ya kama Fe³⁺, ya cike gurabe shidan, ya fita da shi. Fe³⁺ ƙarami ne mai caji da yawa, ya fi son oksijin a matsayin mariƙi, shi ya sa magungunan uku da ke hannun likitoci duk da oksijin suka fi kama shi. Ba kowane mariƙi ke yi ba. EDTA na kama ƙarfe da kyau a kwalbar gwaji, amma yana kwashe kalsiyam ma, yana kuma barin wata kafa da ruwa ke zama, ta nan aikin Fenton ke ci gaba. Daimakafrol, wanda ake ba wanda ya sha gubar arsenik, idan ya haɗu da baƙin ƙarfe abin da suke haifarwa na cutar da ƙoda.

Shekara 3 zuwa 12: allurar dare

Aka fara mata da diferoksamin. Asalinsa daga wata ƙwayar halitta ta cikin ƙasa ne mai suna Streptomyces pilosus. A ruwan da ba tsami ba kaushi, Fe³⁺ kusan ba ya narkewa, tsatsa yake zama, don haka wannan halitta ke fitar da sinadarin ya farauto mata ƙarfe. An fara amfani da shi a asibiti a shekarun 1960. Doguwar sarƙa ce mai hannu shida, duk na oksijin, ƙwaya ɗaya na naɗe atom ɗaya ta rufe shi ruf. Ƙarfin riƙon na da nasaba da yawan hannayen: idan hannu ɗaya ya saki, sauran biyar na nan, wanda ya saki bai je ko'ina ba, zai sake kamawa. Mariƙa shida masu hannu ɗaiɗai ba sa samun wannan dama, duk wanda ya saki ruwa ya tafi da shi.

Matsalarsa biyu. Babba ne, yana da caji, yana son ruwa, don haka hanji ba ya tsotse shi, ba a iya ba da shi ta baki. Sannan cikin minti 20 zuwa 30 rabinsa ya bar jini. Tun tsakiyar shekarun 1970 mafitar da aka samu ita ce a riƙa ɗiga shi a hankali ƙarƙashin fata da ɗan injin batir. Haka aka yi mata: miligiram 20 zuwa 30 ga kowane kilo na nauyinta, awa 8 zuwa 10, dare biyar a mako. Ba a ɗaga adadin ba a shekarun farko domin idan ya yi yawa yana taɓa ƙashin yaro mai girma, yana taɓa ji da gani. Duk shekara ana duba mata kunne da ido.

Uwar ce ke yin komai. Bayan an ci abincin dare ta narka garin maganin da ruwan allura, ta zuƙa a sirinji, ta ɗora a injin, ta tsinke fatar cikin yarinyar ta soka 'yar siririyar allura mai fukafukai, ta liƙe da filasta. Gobe sai a koma cinya, jibi ɗaya gefen cikin. Washegarin daren farko uwar ta garzaya asibiti a firgice, wai 'yarta na fitsarin jini. Ma'aikaciyar jinya ta ɗaga kwalbar ta duba, ruwan ja-ja ne mai ɗan ruwan lemo, garau babu gudaji. Ta ce, "Mama, kwantar da hankalinki, ba jini ba ne. Ƙarfen ne ke fita. Ranar da kika ga launin ya daina zuwa, ranar za ki faɗa mana."

Launin nan shi ma halin ƙarafan tsakiya ne. Fe³⁺ da ruwa kaɗai ya kewaye shi kusan ba shi da launi. Amma da diferoksamin ya riƙe shi, hasken shuɗi na iya tura ilektiron daga oksijin ɗin mariƙin zuwa kan ƙarfen. An haɗiye shuɗin, abin da ya rage wa ido shi ne ja da ruwan lemo.

An haɗa mata da ɗan bitamin C a ranakun allura kaɗai, domin yana sakin ƙarfe daga ma'ajiya maganin ya samu abin kamawa. Tsawon waɗannan shekaru feritin na kai da komo tsakanin 1,000 da 1,500. Sau ɗaya, tana shekara 8, ta yi zazzaɓi da ciwon ciki da gudawa, aka dakatar da allurar nan take har ta warke. Dalili shi ne akwai ƙwayar cuta mai suna Yersinia da ke iya karɓar ƙarfe kai tsaye daga hannun diferoksamin ta yi ta hayayyafa da shi.

Shekara 13 zuwa 15: an daina, ba a faɗa ba

Da ta girma sai ta karɓi aikin daga hannun uwar. A lokacin tana karɓar leda biyu duk mako huɗu, wato leda 26 a shekara, sama da giram 5 na ƙarfe. Fiye ke nan da abin da ke jikin babban mutum dukkansa, kowace shekara.

Feritin ya fara hawa: 2,000, sai 3,000, kafin ta cika 15 ya wuce 4,000. Matakin farko da aka ɗauka shi ne ƙara adadin maganin zuwa miligiram 40 ga kilo, aka kuma mayar da dararen shida. Bayan wata shida babu abin da ya sauya, sai ma hawa. Aka duba ko ciwon hanta ne ke ɗaga lambar, tunda feritin na tashi da kowane irin kumburi, ba a samu komai ba. Ƙirjinta bai fito ba, al'ada ba ta zo ba, ƙawayenta duk sun kere ta tsawo.

Likitan da ya gano bakin zaren bai yi wani sabon gwaji ba. Ya nemi ta ɗaga riga ya ga wuraren allura. Tsofaffin kulluɓa ne masu tauri, babu sabon tabo ko ɗaya. Ya ce uwar ta ɗan ba su wuri, sannan ya tambaye ta, "'Yata, a makon jiya dare nawa kika sa injin?" Ta daɗe ba ta ce komai ba, daga baya ta ce, "Likita, biyu. Wani makon ma ba na sawa. Wurin na yi mini zafi da ƙaiƙayi, ba na iya barci, da safe a aji sai gyangyaɗi." Kwalaben da ba a taɓa ba suna jere a ƙasan akwatinta.

A kan takarda, miligiram 100 na diferoksamin na iya ɗaukar miligiram 8.5 na ƙarfe. A jiki ɗan kaso ne kawai na maganin ke cin karo da ƙarfe kafin a fitar da shi, domin a kowane lokaci ƙarfen da ke sake kaɗan ne, mafi yawa na kulle a rumbu. Saboda haka tsawon awannin da maganin ya yi a jini ya fi yawansa tasiri. Da an cire allurar, cikin ɗan lokaci sako-sakon ƙarfen ke dawowa jini. Dare biyu a mako na nufin awa 20 cikin 168.

Shekara 15 zuwa 17: ƙwaya sau ɗaya a rana

Aka mayar da ita kan diferasiroks, wanda hukumar magunguna ta Amurka ta amince da shi a 2005. Shi hannu uku gare shi, oksijin biyu da naitirojin ɗaya, don haka sai ƙwaya biyu sun haɗu a kan atom ɗaya kafin gurabe shida su cika. Yana maƙale da furotin na jini, rabinsa kan ɗauki awa 8 zuwa 16 kafin ya fita, shi ya sa sha ɗaya ke ɗaukar yini. Ta hanta yake fitar da ƙarfen zuwa bayan gida, fitsari ba ya sauya launi.

Ta fara da miligiram 20 ga kilo na irin wanda ake jiƙawa a ruwa, aka kai ta 30. Wannan karon tana sha, ba ta fashi. Cikin shekara ɗaya feritin ya sauko daga sama da 4,000 zuwa kusan 2,800. Sai gwajin ƙoda ya nuna kiriyatinin ya ƙaru da fiye da kashi ɗaya cikin uku na matakinsa na farko, sau biyu a jere, ga furotin a fitsari. Aka rage maganin ya koma 20, ƙodar ta daidaita. Da aka sake gwada ɗagawa, ta sake motsawa. Aka bar shi a 20, adadin da a yawan jinin da take karɓa bai cika wuce biyan abin da ke shigowa ba. Duk da haka feritin ya ci gaba da ɗan sauka, ya kai kusan 2,000 lokacin da ta cika 17. A fayil ɗinta an rubuta cewa ana samun ci gaba. Har zuwa lokacin ba a taɓa auna ƙarfen zuciyarta ba.

Shekara 17: zuciya

Ta fara haki idan ta hau bene, sai bugun zuciya mai tsalle-tsalle da dare, sai kumburin ƙafa. Hoton eko, wato hoton zuciya da ake ɗauka da sauti, ya nuna zuciyar na tura kashi 45 cikin ɗari na jinin da ke cikinta a kowane bugu. A masu wannan cuta ana sa ran ganin sama da 60, saboda ƙarancin jini na sa zuciyarsu aiki fiye da ta kowa.

Aka tura ta hoton MRI na musamman da ake kira T2*, dabarar da likitocin asibitin Royal Brompton na Landan suka fito da ita a 2001. A nan ma halin ƙarfen ne ke tona shi. Fe³⁺ na da ilektiron biyar marasa abokan zama, kowane atom ɗan ƙaramin maganaɗisu ne. Inda ƙarfe ya taru, yana dagula maganaɗisun na'urar, saƙon da naman ke maidowa sai ya mutu da wuri. Zuciya mai lafiya na ba da sama da milisakan 20. Ƙasa da 10 haɗari ne babba. Nata 6 ne. Hantarta kuwa miligiram 9 na ƙarfe a kowane giram na busasshen nama, ya yi yawa idan aka kwatanta da na mai lafiya da ba ya kai 2, amma bai kai 15 da ake ɗauka mummunan mataki ba.

Wato hanta ta fara sauke kaya, feritin ya bi ta ya sauka, zuciya kuwa tana nan da abin da ta ɗauka a shekarun da aka yi fashin allura. Ƙarfe na shiga tsokar zuciya ne a makare, bayan hanta ta cika, ana kuma ganin yana bin ƙofofin da aka tanada don kalsiyam a matsayin Fe²⁺. Idan ya shiga, fitarsa ta fi ta hanta jinkiri ninki da yawa.

Aka kwantar da ita. Aka tsayar da diferasiroks da bitamin C, domin sakin ƙarin ƙarfe a zuciyar da ta raunana na iya ƙarasa ta. Aka sa mata diferoksamin ta babbar jijiya, miligiram 50 ga kilo, awa 24 ba tsayawa, aka haɗa da magani na uku, diferipiron, miligiram 75 ga kilo a rana, a raba sau uku.

Shekara 17 zuwa 21: magani biyu tare

Diferipiron shi ne ƙarami a cikinsu. Nauyin ƙwayarsa 139, na diferasiroks 373, na diferoksamin 560. Hannu biyu kawai gare shi, sai uku sun taru a kan atom ɗaya. Tarayyar Turai ta amince da shi a 1999, Amurka sai a 2011. Abin da ya bambanta shi: ba shi da caji kafin ya kama ƙarfe, bayan ya kama ma babu, domin caji uku na Fe³⁺ sun yi daidai da na mariƙa ukun. Ƙaramin abu marar caji na ratsa bangon ƙwayar halitta ya shiga, ya kuma fito da kayansa. A cikin jini sai ya tarar da diferoksamin, wanda a irin ɗan adadin da magani ke kasancewa a jiki ya fi shi riƙo, ya miƙa masa ƙarfen ya koma fanko. Kamar ɗan dako ne da ke shiga lungun da babbar mota ba ta iya shiga, ya fito da kaya ya loda mata ya koma.

Cikin mako uku kumburin ya saɓe, bugun ya daidaita. Bayan wata uku eko ya nuna kashi 55. T2* kuwa ko motsi bai yi ba. Hakan ba abin mamaki ba ne: abin da ke gurgunta tsokar shi ne ɗan sako-sakon ƙarfen da ke aikin Fenton, shi kuwa da an samu magani a jini dare da rana ake rufe shi. Tulin da MRI ke gani na kulle a rumbu, sai a hankali.

Hanyar ba ta tafi sumul ba. A wata na huɗu bututun da aka dasa mata a babbar jijiya ya kamu da ƙwayar cuta, aka cire shi, aka yi mata maganin kashe ƙwayoyin cuta ta jijiya. Dole aka koma allurar ƙarƙashin fata, abin da ta guje wa shekaru huɗu da suka wuce. Wannan karon an zauna da ita an tsara: an ƙara ruwan narkawa don rage zafi, an canza zuwa ƙaramar allura mai shiga a miƙe, an ba ta 'yar robar matsi marar ƙara da ake sawa a aljihu, ita ta zaɓi awannin da za ta riƙa sawa. Aka kuma nuna mata hoton zuciyarta kusa da na mai lafiya, tsokarta baƙi ƙirin, ɗayar toka-toka. Ta riƙa kawo kwalaben da ta yi amfani da su duk ranar ƙarin jini, ana ƙirgawa a gabanta.

Babban haɗarin diferipiron shi ne ya rushe fararen ƙwayoyin jini masu yaƙar cuta, abin da ke samun mutum ɗaya zuwa biyu cikin ɗari. Saboda haka duk mako ana ɗibar jininta, an kuma gargaɗe ta cewa zazzaɓi ko ciwon maƙogwaro na nufin ta ajiye ƙwayar ta taho asibiti a ranar. A wata na tara adadin ya sauka zuwa 1,200 a maikirolita, ƙasa da iyakar 1,500. Aka dakatar, ya dawo daidai, aka sake farawa ana sa ido. Da ya faɗi ƙasa da 500, da ba za a sake ba ta shi ba har abada. Ta yi fama da ciwon gwiwa na wasu watanni. A shekara ta biyu zinki na jininta ya yi ƙasa, domin mariƙin da ke son Fe³⁺ ba ya ƙin maƙwabtansa na jadawali gaba ɗaya, aka ba ta ƙarin zinki tana sha da tazarar awanni tsakaninsa da maganin.

T2* na zuciya, ana aunawa duk shekara: 6 a farko, 8 bayan shekara ɗaya, 12 bayan biyu, 17 bayan uku, 22 bayan huɗu. Hanta ta riga ta sauka ƙasa da miligiram 3 tun a shekara ta biyu, feritin ya koma ƙasa da 1,000. Daga nan aka fara rage dararen allura, domin idan ƙarfen da za a kama ya yi kaɗan, diferoksamin na juyawa kan ido da kunne. Da T2* ya haura 20 aka tsayar da allurar, aka bar ta da diferipiron kaɗai. Eko na ƙarshe ya nuna kashi 63.

Abin da ya yi aiki, da abin da bai yi ba

Idan ƙarfin riƙo kaɗai za a duba, diferoksamin ba shi da na biyu a cikin ukun, kuma shekara tara ya yi yana aikinsa. Bai gaza a matsayin sinadari ba. Girman nan da hannu shidan da suka ba shi ƙarfi su ne suka hana shi bi ta hanji, suka mayar da shi allurar awa goma, allurar kuma ta fi ƙarfin yarinya 'yar shekara 13. Ƙara adadinsa a lokacin da kwalaben ke ƙasan akwati kuskure ne da ya ci wata shida, alhali duba fatar ciki bai ɗauki minti ɗaya ba.

Diferasiroks ya warware matsalar fashi, ya kuma sauke hanta. Yana iya cire ƙarfen zuciya, amma a hankali, kuma sai da adadi mai yawa, ita kuwa ƙodarta ta hana a kai nan. Babban giɓin wannan zango ba a maganin yake ba, a awon yake. Feritin labarin hanta ya fi bayarwa. Yarinyar da aka san ta yi shekara biyu kusan babu magani, kamata ya yi a yi mata T2* ranar da aka gano, tana 15. Da an ga lambar a lokacin, da tun kafin haki ya fara an haɗa mata magani biyu.

Haɗin ya yi nasara ne domin kowanne ya toshe kafar ɗan'uwansa. Diferipiron shi kaɗai na da rauni irin na mai hannu biyu: idan ya yi ƙaranci a jiki, ɗaya cikin ukun na iya saki, a bar ƙarfe da mariƙa biyu da gurabe biyu a buɗe, ga shi rabinsa na barin jini cikin awa 2 zuwa 3. Diferoksamin kuma ba ya shiga tsokar zuciya sosai. Ɗaya ya shiga ya ɗauko, ɗaya ya karɓa ya kulle. A makonnin farko, lokacin da rai ke hannun Allah, ina ganin awa 24 ɗin nan na diferoksamin ta jijiya ne suka fi komai tasiri, tunda zuciyar ta farfaɗo tun MRI bai nuna an rage komai ba. Saukar tulin cikin shekara huɗu kuwa, a nan rabon diferipiron ya fi yawa.

Fituwitari bai dawo ba. Tsokar zuciya na farfaɗowa idan an kwashe ƙarfen, amma ƙwayoyin ƙullin nan da suka mutu tsakanin shekara 13 da 15 sun tafi ke nan. Da maganin homon ta balaga, da shi take ganin al'ada, tsawonta kuma ya tsaya ƙasa da na uwarta. Gwajin sukari ya nuna tana bakin iyaka, ana maimaita shi duk shekara. Tana nan tana karɓar leda biyu duk mako huɗu, miligiram 400 na sabon ƙarfe kowane zuwa, tana shan diferipiron sau uku a rana, ana ci gaba da ƙirga fararen ƙwayoyin jininta. An rubuta a fayil ɗinta cewa idan T2* ya sake sauka ƙasa da 20, allura za ta dawo dare uku a mako.